Barmani Choge: Waƙar Da Ba Ta Kwanciya A Takarda

Hausawa na cewa rawa ta fi kyau da mai ganga a kusa. Wannan magana ce ta faɗo mana a rai da muka zauna nazarin waƙoƙin Hajiya Sa'adatu Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Duk wanda ya tashi a Kankiya ko Kusada ya san babu gidan biki ko suna da muryarta ba ta shiga ba, in ba da kanta ba, to ta kaset. Amma da wuya ka ji an ambace ta a zaurenmu na marubuta in ana lissafin manyan mawaƙa. Sai a kawo Shata da Narambaɗa da Ɗan Anace, a tsallake ta. Me ya jawo haka?

A ganinmu dalili na farko shi ne ma'aunin da muke ɗauka. Mun saba mu kwashe waƙa daga kaset mu zuba a takarda, sannan mu nemi jigo da salo da tsarin ɗiya. Amada ba ta yarda da wannan. Kiɗa ne na ƙwarya, wasu a kife a ƙasa, wasu a kife kan ruwa, mata na bugawa suna amshi, ita kuma tana jefa magana tana taka rawa. In ka raba kalmomin da rawar da guɗar mata, abin da ya rage a hannunka rabin waƙa ne. Maimaicin da manazarci zai kira rauni a takarda, a fili shi ne ke ba mai rawa damar juyawa.

Dalili na biyu shi ne zargin batsa. Ba mu musun cewa bakinta ba ya ɓoye-ɓoye. Sai dai a tuna inda amada ta fito: cikin gida ne, tsakanin mata, inda namiji ba ya leƙawa. Abin da Barmani ta yi, da Uwaliya Mai Amada ta Kano da ta gabace ta, shi ne fito da hirar tsakar gida bainar jama'a. A ciki akwai kishi da haihuwa, akwai kuma kiran da ta riƙa yi wa mata su kama sana'a, su riƙe kuɗinsu.

Ba a nan kaɗai ake yi wa mace mai rawa irin wannan kallo ba. Josephine Baker, baƙar mace da aka haifa a Amurka a 1906, ta isa birnin Paris a 1925 ta yi suna da rawa, daga baya ta yi waƙa da fim. Da fari jikinta kawai Faransawa ke kallo. Amma bayan ta taimaki masu gwagwarmayar 'yantar da Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu, ta rasu a 1975, sai ga shi a 2021 an karrama ta a Panthéon, inda ake ajiye sunayen gwarzayen ƙasar. Bambancin shi ne, Baker ta yi wa baƙi rawa, Barmani kuwa 'yan'uwanta mata ta yi wa, da harshensu.

Wannan ba ya nufin ba ta da aibi. A waƙoƙinta na kishiya, irin su "Sakarai Ba Ta Da Wayo", zambon kan mace yake sauka, mijin da ya tara su ya fita fes. Nan mai sharhi ke da abin faɗa, kuma ya fi amfani da kawar da kai.

Kira gare mu, musamman 'yan'uwa mata masu rubutun labaran soyayya: ku saurari yadda take gina habaici a kalmomi kaɗan, yadda mace ke magana in babu namiji a wurin. Har yanzu akwai tsofaffi a ƙauyukan Kankiya da Kusada da suka iya kiɗan ƙwarya, amma na'urar kiɗa ta ƙwace musu filin biki. Mu je mu ɗauki muryarsu da hotonsu suna rawa tun suna raye.

Allah Ya jiƙan Barmani, Ya gafarta mata.