Awon Tausayi da Takardar Tambayoyi: Sharhi a kan Jera Ƙasashe 63

A cikin 2017 William Chopik na Jami'ar Jihar Michigan da abokan aikinsa biyu, Ed O'Brien da Sara Konrath, suka buga sakamakon wani bincike wanda ya jera ƙasashe 63 bisa ga yawan tausayin mutanensu. Mutum 104,365 ne suka amsa tambayoyin ta intanet. Ikwado ce ta zo ta ɗaya, Saudiyya na biye da ita, sannan Peru da Denmak. Amurka ta bakwai, Lituwaniya kuwa ta ƙarshe. Manufar wannan takarda ita ce nuna cewa ma'aunin da aka yi amfani da shi ba zai iya ɗaukar nauyin wannan hukunci ba.

Ma'aunin dai shi ne wanda Mark Davis ya tsara a Amurka cikin 1980. Jimloli 28 ne, an kasa su kashi huɗu, bakwai bakwai, kuma kashi biyu aka ɗauka domin wannan bincike: jin tausayin wanda ke cikin wahala, da ƙoƙarin duban al'amari ta fuskar wani. Mai amsawa yakan karanta jimla, sa'an nan ya zaɓi ɗaya daga matakai biyar gwargwadon yadda yake ganin ta dace da halinsa. Watau abin da ke hannun mai bincike shaidar mutum ce a kan kansa.

Tun 1983 Nancy Eisenberg da Randy Lennon suka nuna raunin irin wannan shaida. Sun tarar cewa idan tambaya aka yi, mata kan fi maza tausayi nesa ba kusa ba, amma idan bugun zuciya da makamantansa aka auna, sai bambancin ya ɓace ko ya kusa. Har ila yau a 2019 Murphy da Lilienfeld sun tattara bincike masu yawa, suka ga cewa abin da mutane ke faɗa game da iya fahimtar zuciyar wasu bai bayyana fiye da kimanin kashi 1 cikin 100 na bambancin ƙwazonsu ba idan an jarraba su a aikace.

Amma babbar matsalar, a ganinmu, tana wurin kwatanta al'umma da al'umma. Duk wanda aka tambaya ko shi mai tausayi ne ƙwarai, da wa zai gwada kansa? Da maƙwabtansa da danginsa zai gwada, domin su ya sani. Alal misali, Bakano da mutumin Mosko kowa zai iya cewa jiya an yi sanyi sosai, alhali sanyin da ɗaya yake nufi rani ne a wurin ɗayan. Haka abin yake ga tausayi. A garin da kowa ke zuwa dubiya da gaisuwar mutuwa, mai yin haka ba ya ganin ya yi wani abin a zo a gani, saboda haka sai ya ba kansa matsakaicin maki. A garin da ba a saba ba kuwa, wanda ya leƙa maƙwabcinsa sau ɗaya a asibiti yana iya ba kansa cikakken maki da zuciya ɗaya. Ke nan jerin yana iya fitowa a juye ba tare da kowa ya yi ƙarya ba. Steven Heine da abokansa sun bayyana wannan illa tun 2002, kuma yawan masu amsawa ba ya maganinta. Mudun da ya karkace, ko buhu dubu aka auna da shi, a karkace zai auna.

Daɗin daɗawa, al'ummu sun bambanta wajen zaɓen matakan kansu. Chen da Lee da Stevenson sun nuna a 1995 cewa ɗaliban Japan da Taiwan sun fi na Amurka son tsayawa a matakin tsakiya. Ga kuma harshe: da Turanci aka amsa tambayoyin, don haka wanda aka ji daga Ikwado ko Saudiyya shi ne mai Turanci da intanet, ba manomi ko 'yar kasuwa ba.

Fassara ma ba ta raba gardama. Kalmar Turancin da ake ƙoƙarin aunawa Edward Titchener ne ya ƙirƙiro ta a 1909 daga Jamusanci, kuma ta haɗa abubuwan da Hausa ta rarraba. Tausayi a wurinmu yakan gangara ne zuwa ga wanda ke cikin wani hali. Ba a tausayin ango, taya shi murna ake yi. Sa'an nan ga kunya, wadda Kirk-Greene ya lissafa cikin halayen mutumin kirki a 1974. Uwar da al'ada ta hana ta kiran sunan ɗanta na fari, ko nuna damuwa da shi a bainar jama'a, wane maki za ta ba kanta idan baƙo ya tambaye ta taushin zuciyarta? Dabarar Brislin ta 1970, watau a fassara sa'an nan wani ya mayar da fassarar harshen asali, kalmomi take daidaitawa. Ba ta gano irin wannan kawaici.

Ba muna cewa aikin Davis banza ba ne. Yana da amfani wajen kwatanta mutanen aji ɗaya, masu harshe ɗaya da tarbiyya iri ɗaya, kuma Chopik da abokansa sun ambaci wasu daga cikin iyakokin bincikensu, ko da yake jaridu jerin kawai suka ɗauka. Abin da ke damunmu shi ne ɗalibanmu na kwalejojin ilmi, waɗanda kan ari irin waɗannan tambayoyi ɗungurungum don kundin kammala karatu, su raba wa malaman firamare, su gwada makin da na Amurka, su rubuta cewa malamanmu ba su da tausayin yara. Kafin mai dubawa ya sa hannu a kan irin wannan kundi, ya kamata ya nemi ɗalibin ya zauna cikin ajin na 'yan makonni, ya rubuta abin da malamin ya yi ranar da yaro ya zo da zazzaɓi ko ya zo ba karin kumallo.