A Fara da Dorugu Kafin Douglass

A makarantun sakandaren Amurka, da littafin Frederick Douglass na 1845, labarin bautarsa a Maryland, ake koya wa yara nazarin balaga. Malami ya ba ɗalibi shafi ya ce ya nuna inda marubucin ya sa a yarda da shi, inda ya taɓa zuciya, da inda ya kafa hujja. Salon ya iso mana ta intanet, wasu malaman Ingilishi a lise suna sauke darasin da tambayoyinsa yadda suka same shi. Ina son wannan koyarwa. Yaron da ya saba tambayar abin da mai magana yake nema a wurinsa, ɗan siyasa ba zai yi masa romon baka cikin sauƙi ba. Damuwata ita ce an tsallake na gida.

Yaron Icirnawa da ya kai lise yana iya gama karatu bai taɓa jin sunan Dorugu ba, alhali a Dambanas, nan kusa da Kance, aka haife shi wajen 1840. An kama shi yana ƙarami, aka bi da shi ta Damagaram har Kukawa. Bajamushe Adolf Overweg ya ƴanta shi. Da Overweg ya rasu a 1852, ya bi Heinrich Barth zuwa Tambutu, daga baya Ingila a 1855, shi da abokin tafiyarsa Abbega. Can ya zauna da ɗan mishan J. F. Schön, yana faɗa da Hausa, wancan yana rubutawa. Labarin ya fito cikin Magana Hausa a 1885, kuma a 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da shi da Ingilishi. Ke nan malamin Ingilishi yana da matani biyu da zai ajiye gefe da gefe.

A ganina ma Dorugu ya fi wuyar nazari, shi ya sa ya fi amfani. Douglass da hannunsa ya rubuta, kuma ya san abin da yake so: a kawar da bauta. Dorugu kuwa saurayi ne ɗan shekara goma sha, baƙo a ƙasar sanyi, yana ci yana kwana a gidan mai riƙe da alƙalamin, wanda shi kuma Hausa yake tarawa don ƙamus da fassarar Littafi Mai Tsarki. Me yaro ke gaya wa mai ciyar da shi? Ina ya daɗe, ina ya wuce da sauri, kuma don me? Wace jimla ce tasa, wacce ce kunnen Schön ya gyara? Tambayoyin nan ba baƙi ba ne a ƙasar da malaman zaure ke karantar da ma'ani da bayani da badi'i, inda kowane yaro ya san maroƙi na auna kirarinsa da aljihun mai saurare.

Za a ce mini batun miki ne. Gaskiya ne. A aji ɗaya akwai jikan bawa da jikan ubangidansa, kuma har yau wasu gidaje sai sun tono asali kafin su ba da aure. Sai a 2003 Nijar ta sa bauta cikin laifukan da doka ke hukuntawa, a 2008 kuma kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani, wadda aka bautar, gaskiya a kan gwamnati. Douglass yana da daɗin koyarwa saboda azzalumin Bature ne, a bayan teku. Waɗanda suka kama Dorugu suka sayar da shi daga yankin nan suke, kuma yaranmu sun isa su karanta haka a gaban malami mai natsuwa.

Tun Maris 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Rubutun Schön tsoho ne, yana wahalar da ɗalibi. Ya kamata ma'aikatar ilimi ta sa masana su mayar da labarin cikin rubutun yau, a buga shi da arha, a fara rabawa a makarantun Kance da Matamaye.