Helios 44-2: ya girme ni, ya kuma fi ni ido

Kuɗin sabo na tara, wallahi. Wata huɗu ina zubin adashi don in sayi gilashin Canon RF 50mm f/1.8, wanda ya fito a 2020, in ɗaura wa kyamarata EOS RP in huta. Ranar da na kwashi adashin na nufi shagon kayan hoto, sai na tarar da wani dattijo, tsohon mai hoto tun zamanin wankin fim, yana kwance wani ƙyalle a kan kanta. Ya dube ni ya ce, "Yaro, riƙe wannan ka ji." Na karɓa da hannu biyu. Baƙin ƙarfe ne mai sanyi da ɗan nauyi, fentinsa ya koɗe a inda yatsu suka saba kamawa, ga rubutun Rashanci zagaye da bakinsa. Na ce, "Baba, ai wannan ya girme ni." Ya ce, "Ya girme ka, ya kuma fi ka ido."

Shi ke nan aka gama da ni. Kuɗinsa bai kai rabin na sabon ba, har na samu canjin sayen adafta, kuma tun daga ranar abokaina suka gaji da jin sunan Helios a bakina.

Asalinsa ma abin ji ne. Kwaikwayo ne na Biotar 58mm f/2 na kamfanin Carl Zeiss da ke Jena a Jamus. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Tarayyar Sobiyet ta kwashe injuna da zane-zanen kamfanin a matsayin diyyar yaƙi, kuma a 1958 aka fara ƙera Helios-44. An yi miliyoyinsa a masana'antun Krasnogorsk kusa da Mosko, da Minsk, da Valdai, ana sayar da shi manne da kyamarar Zenit. Wato a zamaninsa gilashin kowa da kowa ne, ba na 'yan gayu ba. Nawa na Valdai ne, lambar jikinsa ta fara da 82, shekarar da aka ƙera shi ke nan.

To amma ba tarihi ne ya kama ni ba, hoton farko ne. Da la'asar sakaliya na tsayar da 'yar yayata a gindin darbejiya, tana sanye da atamfar sallarta, taku biyu tsakanina da ita, ganyen kuma can baya rana tana ratsa shi. Na buɗe ƙofar haske har ƙarshe, f/2, na murza zoben saiti a hankali har gashin idonta ya fito ɗaiɗai, na danna. Da na duba allo sai da na yi salati. Fuskarta tar, har zanen lallen hannunta ana ƙirgawa, amma duk abin da ke bayanta ya narke yana kewaya ta kamar an dama fura da ludayi. Ɗigon hasken da ke tsakiya zagaye yake kamar kwabo, na gefe kuma ya matse ya zama kamar ƙwallon dabino, duk sun jeru suna bin juna. Kakarta da ta gani ta ce, "Kai, guguwa aka yi a bayan yarinyar?"

Abin dariyar, a wurin masu ƙera gilashi wannan aibi ne. Jikin gilashin ne yake tare wani ɓangare na hasken da ke shigowa ta gefe, shi ya sa da'irar take tauyewa yayin da ake nisa da tsakiya. Injiniyoyin zamani shekara da shekaru suna yaƙi da wannan, ni kuwa shi nake nema ido rufe. Kuma ba ni kaɗai ba ne mahaukacin: Greig Fraser ya yi amfani da irin waɗannan tsofaffin gilasan Sobiyet, da aka sake wa riga, wajen ɗaukar wasu sassan fim ɗin The Batman na 2022 da Dune: Part Two na 2024. Mutumin da za a iya kawo masa kowane gilashi a duniya!

Don kada a ce son zuciya ne, na ari sabon na abokina na mako guda. Babu abin kushewa a jikinsa. Giram 160 ne kacal, yana kama idon mutum da kansa kafin ka ƙifta, yana matsowa har santimita 30 alhali nawa ba ya wuce rabin mita. Abin da ke gabanka shi zai ba ka, ba ragi ba ƙari. Na mayar masa da abinsa na yi godiya, ban kuma yi kewarsa ba ko na dare ɗaya.

Shi kuwa tsohon gilashin nan komai nasa da hannu ne. Zobba biyu gare shi na ƙofar haske: ɗaya ka kafa iyaka da shi, ɗayan ka murza ya tafi sumul babu ƙas-ƙas, ruwan ƙarfe takwas suna rufuwa a ciki kamar fure. Kwana uku ina juya su baibai kafin in gane kansu. Masu bidiyo kuwa wannan santsin ne yake tafiya da su, don haske yana raguwa ba tare da tsalle ba. In ka fuskanci rana da shi sai hoton ya yi wani hazo ruwan zinare, launuka su yi laushi. A watan hunturu, da ƙura a sama, har sai ka rasa wanne ne na gari wanne ne na gilashi. Wasu su ce ya wanke hoto. Ni dai na ce a ƙaro.

Ya taɓa kunyata ni, ba zan ɓoye ba. Ranar Hawan Daushe na tafi da shi kaɗai, don tsabar yarda. Dawaki suka zo a sukwane, ina murza zobe suna wucewa, na dawo gida da hotunan ƙura da wutsiya. Wanda abincinsa hoton biki ne, amarya tana shigowa ƙawaye suna rangaɗa guɗa ba mai jiran wani, to ya sayi sabon, kada ya biye mini. Amma in akwai minti biyu da mutum zai tsaya maka, ai ko da kuɗi aka haɗa ni ba zan sauya ba.

Mai niyyar saye ya haska fitilar waya ta cikinsa tukuna. In ya ga wani abu kamar saƙar gizo, fumfuna ce, ya ajiye. 'Yar ƙura ba komai ba ce. Ya murza zoben saiti daga farko har ƙarshe ya ji ko man ciki ya daskare, kuma ya gwada a kan kyamararsa, don ba duka suka fito da kyau ɗaya ba, wani ya fi wani kaifi nesa ba kusa ba. Masu Nikon mai madubi su sani ba zai kama abu mai nisa ba sai da adafta mai gilashi a ciki. Masu ƙaramar sensa kuma, irin Canon 600D, za su rasa yawancin guguwar, don a gefe take kuma gefen ne ake yankewa.

Makon jiya na koma shagon na sake cin karo da dattijon. Na nuna masa hoton darbejiyar, ya daɗe yana kallo bai ce uffan ba. Can ya ce akwai yayan gilashin nawa a gida cikin akwati, Jupiter-9, mai 85mm. Na ce, "Baba, don Allah kada ka nuna wa kowa." Jibi zan fara sabon zubi.