Littafin da Ya Tsaya wa Tako Mai Niƙaƙƙen Nama

A gidajen Amurka akwai wani abincin dare da ake yi ranar da kowa ya dawo daga aiki a gajiye, yara suna kukan yunwa, lokaci kuma ya ƙure. Rabin kilo na niƙaƙƙen naman shanu, albasa guda, ɗan ƙullin garin kayan yaji da aka sayo a kanti, sai totiyar masara da kamfani ya riga ya soya ya lanƙwasa ta bushe ƙamas. A zuba naman a cikinta, a barbaɗa gogaggen cuku, a ɗora yankakken latas da tumatir. Kafin rabin awa an zauna ci. Da wannan tako ɗimbin Amurkawa suka tashi, shi ne kuma wanda masana abinci suka fi yi wa kallon raini. A wurinsu jabu ne, kwaikwayon abincin Meziko da aka cire wa rai. Littafin Gustavo Arellano mai suna Taco USA: How Mexican Food Conquered America, wanda kamfanin Scribner ya buga a 2012, shi ne rubutun da na ga ya fi tsaya wa irin wannan abinci tsayin daka, kuma da hujja ya tsaya masa.

Arellano ɗan jarida ne, haifaffen Anaheim a Kalifoniya, iyayensa baƙi ne daga jihar Zakatekas ta Meziko. Ya yi suna ne da wani fili na amsa tambayoyi a jaridar OC Weekly, inda mutane kan aiko da tambayoyi kan Mezikawa, wasu na neman sani, wasu na neman tsokana, shi kuma ya amsa da tarihi da barkwanci. Wannan ɗabi'ar ya shigo da ita littafin: kan babi-babin tambayoyi ne, kamar wani ne ya tare shi a bakin titi yana son bayani. Ina son wannan tsari. Yana sa mai karatu ya shiga kowane babi da ƙishirwar wani abu takamaimai. Ya kuma buɗe littafin daga inda ba a zata ba, wato sararin samaniya, da 'yan sama jannati suna naɗe abinci a totiya. Dalilin a fili yake: burodi na zubar da ɓurɓushi da ke yawo cikin kumbo, totiya kuwa ba ta yi. Daga shafukan farko ya nuna irin nisan da abincin ya yi daga murhun da ya taso.

Inda littafin ya fi kama ni shi ne labarin San Banadino. A 1937 wata mata mai suna Lucia Rodriguez ta buɗe gidan abinci, Mitla Cafe, a unguwar Mezikawa da ke yammacin garin, a bakin tsohuwar hanyar nan mai lamba 66. A zamanin wariya ne, lokacin da ba ko'ina ake barin Bamezike ya zauna ya ci abinci ba, don haka Mitla ya zama matattarar mutanen unguwa da shugabanninsu. Ana soya tako a wurin a lokacin da aka nema, da niƙaƙƙen nama a ciki, cuku da latas da tumatir a sama. A tsallaken titi kuwa akwai wani Bature, Glen Bell, mai rumfar sayar da hamboga. Garin dama shi ne inda 'yan'uwan nan biyu na McDonald suka fara harkarsu, kasuwar hamboga ta cika, Bell yana neman abin da zai bambanta shi. Yana ganin layin da ake yi a Mitla, sai ya riƙa zuwa yana ci, ya saba da masu gidan, har ya ga yadda ake aikin. Matsalarsa ɗaya ce: suya ɗaya bayan ɗaya ba ta yi wa mai son sauri. Sai ya sa aka ƙera masa kwandon waya da zai riƙe totiya a lanƙwashe cikin mai, a soya da yawa tun da wuri a ajiye, mai saye na zuwa sai zuba nama kawai. A ƙarshen 1951 ya fara sayar da tako a kan senti 19. A 1962 ya buɗe Taco Bell na farko a Downey, a 1978 kuma PepsiCo ya sayi kamfanin.

Da wani ne ya rubuta wannan, da ya mai da shi labarin sata zalla, ko kuma labarin hazikin ɗan kasuwa zalla. Arellano bai yi ko ɗaya ba. Ya je Mitla da ƙafarsa, ya ci, ya ji ta bakin zuriyar gidan, ya mayar da sunan wurin cikin tarihin da aka daɗe ana bayarwa ba tare da shi ba. Sannan bai hana Bell haƙƙinsa ba: shi ne ya kai kalmar tako garuruwan da ba a taɓa ganin Bamezike ba, ya share wa masu dafa abincin gargajiya da suka zo daga baya fage. Mai karatu zai rufe babin yana jin zafin rashin adalcin, yana kuma fahimtar yadda abin ya faru. Riƙe waɗannan biyun a lokaci guda aiki ne mai wuya, kuma ya riƙe su. Abin da ya fi muhimmanci ga mai soya nama a kicin ɗinsa shi ne wannan: niƙaƙƙen nama da latas da cuku ba ƙirƙirar kamfani ba ce. Mezikawan Amurka ne suka dafa abincin iyayensu da abin da kasuwar unguwarsu take da shi a kan kuɗin da aljihunsu zai iya.

Haka ya bi sawun garin yajin ma. A dandalin San Antoniyo da ke Tekzas, tun ƙarni na 19, mata Mezikawa kan kafa tebura da dare suna sayar da naman da aka dafa da barkono, har aka yi musu laƙabi da sarauniyoyin cili. Wani baƙo daga Jamus, William Gebhardt, ya ga cewa idan aka busar da barkonon aka niƙa aka haɗa da sauran kayan ƙamshi aka ɗura a kwalba, kowa zai iya yin girkin a ko'ina. A shekarun 1890 ya fara sayar da garin. Su kuwa matan, dokokin tsafta na hukumar gari ne suka tashe su daga dandalin wajen ƙarshen shekarun 1930. Wannan salon yana maimaituwa a littafin har mutum ya fara hango shi tun kafin ya zo: mai hannun girki daban, mai cin ribar daban. Arellano ba ya yin dogon wa'azi a kai. Jera labaran yake yi, su yi magana da kansu.

Jigon littafin dai shi ne rigimar asali. Arellano ya ƙi yarda cewa akwai wani tsantsar abincin Meziko da sauran duk gurɓatattu ne. A nan ne ya yi karo da irin su Diana Kennedy, Baturiyar Ingila da ta shafe rayuwarta tana tattara girke-girken ƙauyukan Meziko, wadda littafinta na 1972 ya koya wa Amurkawa raina abincin Mezikawan Tekzas, da kuma Rick Bayless, shahararren kuku na Shikago. Tambayarsa mai nauyi ce: wa ya naɗa baƙo alƙalin da zai ce wa jikan Bamezike abincin kakarsa ba na gaske ba ne? Na yarda da shi a nan ɗari bisa ɗari. Gurasa daga Larabawa ta zo mana, amma babu Bakanon da zai yarda a ce masa bandashe da ƙuli-ƙuli jabu ne don ba haka ake cin ta a can ba.

Littafin ba na girki ba ne, ba a buɗe shi don neman awon gishiri. Duk da haka ya canza yadda nake yin wannan tako, domin ya sa na daina ɗaukarsa abin a yi a wuce wurin. Kasko ya yi zafi sosai kafin nama ya shiga, a baje shi a ƙyale shi har ƙasansa ya yi ja, kar a yi ta juyawa, in ba haka ba ruwa zai fitar ya dahu fari fat ba ƙamshi. Bayan ya kama sai a farfasa shi da ludayi ya yi laushi, a rage kitsen amma a bar kaɗan, domin cikin wannan kitsen ne albasa da tafarnuwa da dakakken barkono da kumin za su buɗe. Minti guda ya ishe su. Cokali ɗaya na tumatirin gwangwani, rabin kofi na ruwa, a rage wuta har romon ya manne wa naman. Abin da sitacin da ke cikin ƙullin kanti yake yi ke nan, kuma tumatir da ɗan haƙuri suna yin sa fiye da shi. Sai matakin da labarin Mitla ya koya mini darajarsa: a ɗumama totiya mai laushi, a zuba nama, a ninke, a kwantar da ita cikin mai mai zafi, minti ɗaya ko biyu kowane gefe. Bakinta zai yi ƙamas, gindinta inda romo ya jiƙa ya rage da ɗan danƙo, ba ta tarwatsewa a hannu da cizon farko kamar ta kwali. Cuku ya fara hawa kan naman tun yana tururi, latas a sama inda zafi ba zai yanƙwanar da shi ba, a matsa lemun tsami. Ƙarin minti goma ne a kan hanyar Bell. A Meziko ma akwai ɗan'uwan wannan haɗin, fikadiyo, niƙaƙƙen nama da ƙananan yankan dankali da karas, kuma dankalin nan yana sa rabin kilo ya ciyar da gida mai yawa.

A nan ne kuma nake ganin littafin ya gaza kaɗan. Arellano yana bin abinci daga rumfa zuwa gidan abinci, daga gidan abinci zuwa masana'anta, daga masana'anta zuwa kantar kanti. Ya yi bayanin totiyar gwangwani, ya yi bayanin yadda miyar salsa ta zarce kecaf a kuɗin ciniki a farkon shekarun 1990, ya waiwayi tsofaffin littattafan girki kamar na Encarnación Pinedo na 1898. Amma da kayan sun shiga jakar cefane sun nufi gida, sai alƙalaminsa ya ja baya. Na so ya zauna a kicin ɗin uwa mai aiki biyu a wani gari na tsakiyar Amurka, ya ga abin da take yi da ƙullin yajin nan, me take ƙarawa, me ta gada, me yaranta za su tuna. Jaruman littafin mafi yawansu masu buɗe kasuwanci ne, alhali wurin da wannan tako ya fi rayuwa shi ne teburin gida ranar Talata da dare.

Akwai kuma gaggawa. Wasu babin suna cika da sunaye, wane ya buɗe kaza a shekara kaza, wane ya saye shi, har mutum ya rasa wanda zai riƙe. Mai ƙaunar batun zai jure, amma na tabbata da ya rage mutum goma ya ba biyar fili, da littafin ya fi zama a rai. Hukuncinsa kan Kennedy ma ina ganin ya ɗan yi tsauri. Ta yi kuskure da ta raina abincin kan iyaka, amma ƙauyukan da ta taka da girke-girken da ta rubuta kafin su ɓace aiki ne da ya cancanci a sassauta mata murya. Turancinsa cike yake da zaurancen Kalifoniya da kalmomin Sifaniyanci, wanda ya koyi Turanci a aji zai riƙa tsayawa. Mai karatu Musulmi kuma ya sani tun da wuri cewa akwai shafuka kan barasar tekila da margarita, da girke-girken naman alade. In har karatun ya kai shi ga gwadawa, ya duba kayan haɗin totiyar fulawa da dakakken wake na gwangwani, domin a gargajiyance da kitsen alade ake yin wasunsu.

Wanda ke son ɓangaren Meziko da sauran duniya da zurfi, littafin Jeffrey Pilcher mai suna Planet Taco, wanda ya fito a shekarar 2012 shi ma, ya fi natsuwa da zurfin bincike. A can za a ga cewa wani mai gidan abinci Bamezike a New York, Juvencio Maldonado, ya samu takardar mallakar na'urar soya totiya a 1950, kafin Bell ya sayar da takonsa na farko. Pilcher malamin tarihi ne, rubutunsa na tafiya a hankali. Arellano kuwa mutum ne da ya ci abin da yake magana a kai, ana jin haka a kowane shafi, musamman inda ya zaɓi abinci biyar da ya fi so a faɗin Amurka ya kuma ɗora wata hambogar Denba da aka naɗe a totiya aka kwarara mata miyar koren barkono a sahun gaba. Zaɓi ne da ya yi daidai da duk abin da ya faɗa a baya, kuma ba don neman magana ya yi shi ba. Ni kam ina ajiye littattafan biyu kusa da juna, amma na Arellano ne gefen shafukansa suka yi mai.