Ta Haifi Shida, Ta Binne Biyar

'Yan uwana mata, duk wadda take da yara maza a nan Tirkaniya, ko Kakuri, ko Nasarawa, ba sai an yi mata bayanin kokawar Turawa ba, wadda yaran suke kira resilin. Ita ce mai karya mana ƙafar gado, ita ce mai yaga matashin kai, ita ce mai sa ki ji kuka daga ɗaki, in kin leƙa ki tarar babba ya shaƙe ƙarami wai shi gwani. Mu dai iyakar saninmu wasu ƙarti ne sanye da ɗan kamfai suna ɗaga juna suna makawa da ƙasa. Ba mu cika tambayar kanmu ba, shin waɗannan ƙarti ba uwa ce ta haife su ba? To a kan wata uwa daga cikin iyayensu nake so mu tattauna, da kuma wani fim da aka yi a kan gidanta a Amurka a shekarar 2023, mai suna The Iron Claw, wato damƙar ƙarfe. Na kalle shi, na yaba da wani ɓangare, wani ɓangaren kuma har yanzu yana tsaya mini a wuya.

Bari in fara da labarin na gaskiya, don fim ɗin ba ƙagagge ba ne. Maigidan sunansa Jack Adkisson, mutumin jihar Teksas, an haife shi a 1929. Da ya shiga kokawa sai ya laƙaba wa kansa sunan Jamusawa, Fritz Von Erich, yana fitowa a matsayin mugun Bajamushe don 'yan kallo su tsane shi, tun da a lokacin ba a daɗe da gama yaƙin Hitila ba. Makaminsa shi ne ya ware yatsu biyar ya damƙi kan abokin karawa ya matse, daga nan sunan fim ɗin ya samo asali. Daga baya ya mallaki kamfanin shirya kokawa a birnin Dalas. Ya auri Doris a 1950, ta haifa masa maza shida: Jack ƙarami, Kevin, David, Kerry, Mike da kuma auta Chris.

Na fari ya rasu a 1959 yana ɗan shekara 6, lantarki ya ja shi ya faɗa cikin ruwa. Sauran biyar ɗin kuwa duk sai da suka hau dandamalin kokawa da sunan ubansu. David ya rasu a ɗakin otal a Tokiyo ta ƙasar Japan a watan Fabrairu na 1984, yana da shekara 25, aka ce ciwon hanji ne. Mike ya halaka kansa a 1987 yana da 23. Chris ya bi sahu a 1991 yana da 21. Kerry ma haka, a 1993, yana da 33. Kevin kaɗai ya rage. Ki lissafa da kyau 'yar uwa, cikin shekara 9 kacal mace ɗaya ta raka gawar samari 4 daga cikin nata.

Mutanen can suna cewa wai bakin jini ne yake bin sunan Von Erich, wai gidan an yi masa baki. Inda na fara sara wa daraktan, Sean Durkin, shi ne bai bar mu muka fake a bayan wannan magana ba. Ya bar Kevin yana tsoron abin, har ya ƙi sa wa ɗansa sunan gidan a takardar haihuwa, amma mu 'yan kallo ya nuna mana abin da idonmu zai iya gani. Akwai wurin da ake karin kumallo, uban ya dubi 'ya'yansa ya jera su kamar kayan kasuwa, wane ne na ɗaya a zuciyarsa, wane ne na biyu, har zuwa na ƙarshe, sannan ya ce jerin yana iya sauyawa. Wallahi a nan tsigar jikina ta tashi, don wannan ba sai a Amurka ba. Mu nawa ne muka taso a gidan da kowa ya san ɗan lele, kowa kuma ya san ɗan bora?

Sai dai akwai abin da fim ɗin ya taɓa a gurguje, wanda in ba ki fahimce shi ba, ba za ki gane nauyin da ke kan yaran nan ba. Kokawar Turawa ba irin tamu ba ce. A gasar takobi ta ƙasar Nijar, wadda aka fara a Tawa a 1975, in ka kai mutum ƙasa ka kai shi, ƙarfinka da dabararka ne. A tasu kuwa tun kafin a hau dandamali mai kamfani ya riga ya yanke wanda zai ci da wanda zai faɗi. Faɗuwar dai ta gaske ce, ƙashi yana karyewa, kafaɗa tana gocewa, shi ya sa da yawansu suke rayuwa a kan ƙwayoyin kashe zafi. Amma nasara a hannun mai kamfani take. To ki duba, a gidan nan mai kamfanin shi ne mahaifi. Shi ne uba, shi ne ubangida, shi ne mai biyan albashi, shi ne kuma mai cewa wannan makon wane zai ɗaukaka. Yaro ya ɓata wa ubansa rai a gida, gobe a wurin aiki wa zai kai wa ƙara?

Kuma samarin su ne jarin. Kyawawa ne, 'yan mata suna tururuwa suna ihu, ana sayar da tikiti da hotunansu. Wata 3 bayan rasuwar David, ranar 6 ga Mayu, 1984, uban ya shirya babban wasa na tunawa da shi a filin Texas Stadium, mutum sama da 30,000 suka biya kuɗi suka shiga, a nan Kerry ya karɓi kambun duniya daga hannun Ric Flair. Kowa ya yi kuka, aljihu kuma ya cika. Ni ban ce uban bai ji zafin mutuwar ɗansa ba, wa ya isa ya shiga zuciyar wani? Shi kansa Kevin ya fito ya ce fim ɗin ya munana mahaifinsa fiye da yadda yake. Na yarda ɗa ya fi kowa sanin ubansa. Amma ta'aziyyar da ake yankar tikiti a ƙofarta, ni dai ban iya haɗiye ta ba.

Labarin Mike ya fi ba ni tausayi, kuma nan ne fim ɗin ya fi yin kyau. Yaro ne mai son kiɗa, ba shi da jikin yayyensa, amma da David ya mutu sai aka tura shi ya cike gurbi. Ya ji ciwo a kafaɗa a 1985, bayan an yi masa aiki zazzaɓi mai tsanani ya kama shi, ya tashi ba yadda yake a da ba, duk da haka aka mai da shi dandamali. Mu Hausawa muna cewa kyan ɗa ya gaji ubansa, muna kuma cewa gadon gida alala ga raggo, to amma ai ba kowane ɗa ne aka halitta da ƙashin gadon ba. Ku dubi damben gargajiya, wanda asalinsa wasan mahauta ne, gado ne shi ma. Sai dai a can suna yana bin mai zuciya ne, shi ya sa za ki ji ana kiran Shagon wane, Autan wane, Garkuwan wane, alhali ba lallai ne wanen ya haife shi ba, yaronsa ne da ya horar. Gida yana ci gaba, ba a tilasta wa jini. Shi kuwa Fritz jini yake sayarwa. Da 'ya'yan suka fara ƙarewa, a 1985 sai ya ɗauko wani bare ya sa masa suna Lance Von Erich, ya ce wa jama'a ɗan uwansu ne. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, asiri ya tonu, 'yan kallo suka ji an raina musu hankali. Wannan babban al'amari fim ɗin ya wuce shi kamar walƙiya.

Yanzu ga inda muka raba gari da daraktan. A fim ɗinsa babu Chris. Babu shi sam, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba. Ya ce wai labarin ba zai iya ɗaukar ƙarin mutuwa ba, 'yan kallo ba za su jure ba. Oh ni 'yasu! Mai kallo da ke zaune a kujera na awa 2 ba zai jure ba, ita kuma wadda ta ɗauki cikin wata 9 ta yaya ta jure? Chris gajere ne, yana fama da asma, maganin da yake sha ya sa ƙashinsa saurin karyewa, amma duk burinsa ya zama kamar yayyensa. Shi ne babbar shaidar cewa a gidan nan yaro ba ya ganin kansa mutum sai ya hau dandamali. Mutumin da ya zo nuna mana laifin uban da ke jera 'ya'ya daga mai daraja zuwa marar daraja, shi ma ga shi ya jera su, ya yar da na ƙarshe.

Ba Chris kaɗai aka share ba, mata ma an yi musu shara. Kerry yana da mata da 'ya'ya mata 2, ɗayarsu Lacey har ta yi kokawa daga baya, fim ɗin ya nuna shi tamkar gwauro. David ma ya yi aure, har ya taɓa rasa jaririya, ba a ambata ba. Manyan 'ya'yan Kevin mata ne, amma maza aka tura gaba. Ko haɗarin babur ɗin da ya ci ƙafar Kerry, wanda ya faru a 1986, an jawo shi an manna da daren nasararsa ta 1984 don labari ya yi zaƙi. Wannan na yafe, ai fim ne. Share mutane ne ban yafe ba, don da an nuna matan nan da an ga cewa kowace gawa ta bar wasu a baya suna kuka, ba 'yan uwa maza kaɗai ba.

Ita kuma Doris, wadda Maura Tierney ta fito a madadinta, an ba ta wurare kaɗan, amma masu nauyi. Kevin ya same ta ya roƙe ta ta yi wa babansu magana ya sassauta wa Mike, sai ta ce wannan tsakaninsu ne su maza. Akwai kuma ranar jana'izar Mike, inda ta tsaya ta kasa sa baƙar rigar makoki, don ita ce dai wadda ta sa a ta David, kowa zai gane ta. Duk macen da ta taɓa zaman makoki ta san abin da wannan riga take nufi, a nan hawaye ya zubo mini. To amma daga nan fa? Ba a taɓa barin mu muka shiga ɗakinta da dare ba, mu ji ko ta taɓa cewa maigida ya isa haka. Shin tsoro ne ya rufe mata baki, ko tarbiyyar cewa harkar maza ba ruwan mace, ko kuwa ita ma daɗin suna da kuɗi ya ɗauke ta? Waɗannan su ne tambayoyin da mu matan aure muke son a amsa mana, don irin shirun nan muna yin sa a gidajenmu, muna kiransa haƙuri, muna kiransa kunyar ɗan fari. A ƙarshe an nuna ta ta ƙi dafa wa mijin abinci ta koma zanenta, shi ke nan. A zahiri kuwa abin ya wuce haka, aurensu na shekara 42 ya mutu a 1992, bayan rasuwar wannan autan da aka cire daga fim. Fritz ya mutu a 1997, ita kuma ta rayu har 2015.

In za ki kalla, ki bari sai yara sun yi barci, ba fim ɗinsu ba ne, akwai shaye-shaye da abubuwan da ba su dace da idonsu ba. Zac Efron, wanda ya fito a Kevin, ya yi ƙoƙari ƙwarai, musamman a fitowar ƙarshe, inda yake zaune a kan ciyawa yana kallon yaransa maza 2 suna wasa, kuka ya ƙwace masa, su kuma suka zo suna lallashinsa, alhali shi ubansa ya hana su zubar da hawaye ko a bakin kabari. A nan daraktan ya rufe labari, ya sallame mu da sanyin zuciya. Yaran nan biyu su ne Ross da Marshall. Tun a 2012 suka fara kokawa a Japan, da sunan Von Erich.