Jinjina Ga Malaman Aji Ɗaya

Malamin aji ɗaya ne ke karɓar yaro ɗan shekara 6 wanda bai san komai ba sai harshen gidansu, Hausa ko Fulatanci ko Barbarci, a ce ya kai shi ga Turanci a Najeriya, ko Faransanci a Nijar. Gwanayen wannan aiki ba da alli suke farawa ba. Sai sun riƙe sunan kowane yaro, sun gano mai kunya da mai in'ina da wanda ya fito bai karya ba.

Idan yaro ya amsa da harshen uwarsa, babu bulala, babu tara. Su karɓi amsar, su yaba, sannan su maimaita masa ita da sabon harshe. In ya kasa bambanta "p" da "f", su hana aji dariya, su sa a rera tare har bakinsa ya faɗa. Sun san harshe sai da furtawa, kuma yaron da ya tsorata ba ya buɗe baki.

Tun 1973 Nijar ta fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, manufar ilimin Najeriya ta 1977 kuma ta amince a fara da harshen uwa. Amma takarda ba ta lallashin yaro. Malamai ke yi, a aji mai cunkoso, kan albashi kaɗan. Ba don shimfiɗar fuskarsu ba, da yara da yawa sun tsani makaranta tun makon farko.