"Mull of Kintyre": Waƙar da Mabusan Campbeltown Suka Ɗauke Ta

A watan Nuwamban 1977 ƙungiyar Wings ta Paul McCartney ta fitar da faifan "Mull of Kintyre", a daidai lokacin da matasan Landan suka karkata ga kiɗan hayaniya da bore irin na Sex Pistols. Sai ga waƙa mai sanyi, mai tafiyar hawainiya, tana yabon wani lungu na ƙasar Sikotlan. Ta yi mako 9 a saman jerin waƙoƙin Birtaniya, ta zama faifan waƙa na farko da aka sayar da fiye da miliyan 2 a ƙasar, har ta doke "She Loves You" ta Beatles, tsohuwar ƙungiyar shi McCartney ɗin. Ba a ture ta daga matsayin faifan da ya fi kowanne kasuwa a ƙasar ba sai 1984. An daɗe ana danganta nasarar ga sunan mai waƙar. Ni kuwa ina ganin rabin ladan, ko ma fiye, na mabusan garin Campbeltown ne.

Kintyre wani dogon zirin ƙasa ne a kudu maso yammacin Sikotlan, a yankin Argyll. Ƙarshensa, wato Mull, bai wuce mil 12 ko 13 daga gaɓar Ayilan ta Arewa ba, kuma tun 1788 akwai hasumiyar fitila a wurin saboda jiragen ruwa. Campbeltown shi ne babban garin yankin, garin masunta da masu sana'ar wiski, mai mutane 'yan dubbai. A kusa da nan McCartney ya sayi gonar High Park a 1966, kuma can ya fake da iyalinsa lokacin da Beatles ta watse. Waƙar, wadda ya rubuta tare da Denny Laine, godiya ce ga wurin da ya rufa masa asiri.

Irin ƙungiyar mabusan da ya gayyato tana da tushe mai tsawo. Haɗa algaitar Sikotlan da ganguna a yi maci ya samo asali ne daga rundunonin sojan Birtaniya a tsakiyar ƙarni na 19. Daga bariki abin ya fita ya shiga gari: 'yan sandan Govan suka kafa tasu a shekarun 1880, masu haƙar kwal na Shotts suka kafa tasu a 1910, a 1930 kuma aka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar da ke tsara gasa. Ta Campbeltown tana cikin jerin ƙananan nan na gari. Kowa a ciki yana da abin da yake ci da shi da rana, da yamma a haɗu a yi atisaye, ranar bikin gari ko ranar tunawa da 'yan mazan jiya a sa tufafin gargajiya a fito. Sarkin busansu a lokacin shi ne Tony Wilson.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka gina waƙar a kan ƙa'idar algaitar. Wannan abin busa dangin algaitarmu ne, sai dai aikin da kumatun mai algaita ke yi na tara iska, a can wata jaka ce da ake matsewa a hammata take yin sa. Sautuka 9 kacal take iya fitarwa. Ba ta yin ƙasa-ƙasa da murya, ba ta yin shiru tsakanin sauti da sauti, shi ya sa mabushi ke raba su da 'yan ƙananan kaɗe-kaɗen yatsa masu saurin gaske. Ga kuma bututu uku da ke kan kafaɗa suna riƙe amo guda ba yankewa. McCartney ya sha ba da labarin yadda Wilson ya zo gidansa ya fara busa a kicin, ƙarar ta cika ɗaki har suka koma lambu, a can aka nuna masa abin da algaitar za ta iya da wanda ba za ta iya ba. Mawaƙin da duniya ta sani ya saurari mabushin ƙauye, ya daidaita karin waƙarsa da iyakar kayan busar. Wannan ladabi ne na sana'a, kuma ana jin sa a faifan.

A saurari yadda aka jera ta. Jita ce kawai da murya a farko, amshi, baiti guda, amshi kuma. Har mai sauraro ya fara zaton iyakar abin ke nan. Sai amon nan ya taso daga ƙasa, mabusa su shigo gaba ɗaya, waƙar ta ɗaga zuwa wani matakin sauti, su karɓe karin amshin daga bakin mawaƙi. Daga wannan wuri waƙar ta tashi daga begen mutum ɗaya ta koma muryar gari. Ganguna ba su yi rawar kai ba, sun tsaya a baya suna riƙe taku. A watan Agustan 1977 aka ɗauki sautin, a wani tsohon ginin gona da aka mayar sutudiyo, kuma busar ba ta da irin santsin ƙwararrun da ke cin kofin duniya na busar algaita. Tana da kauri da ɗan kaushi, wanda a kunnena shi ne ya hana waƙar narkewa cikin zaƙi.

Domin zaƙin yana nan, kuma nan ne rauninta. Kalmomin hazo ne da teku da tsaunuka da barewa da hirar dare a bakin wuta, wato Kintyre na baƙon da ya zo hutawa. Ba a jin Kintyre da aka rufe wa mahaƙar kwal ta Machrihanish a 1967, ko wanda samarinsa ke barin gida neman aiki a Gilasgo. Amshin ma an maimaita shi fiye da buƙata. Da an rage zagaye ɗaya da ba a yi asara ba. Masu sukar da suka ce waƙar katin gaisuwa ce suna da hujja, in dai kalmomin kaɗai aka duba. Amma mutanen da ke busa a cikinta su ne mazauna wannan gari na biyu, kuma nauyin da baitocin suka rasa, su suka kawo shi.

Bidiyon da aka ɗauka a gaɓar Saddell ya tabbatar da haka. McCartney na zaune da jitarsa, matarsa Linda da Denny Laine na kusa, sai ga ƙungiyar ta ɓullo a bakin ruwa tana taku cikin sahu, daga baya mutanen gari su taru a kewaye da wuta. Fuskokin nan ba na 'yan fim ba ne, kuma kyamara ba ta ɓoye hakan ba.

A Amurka waƙar ba ta yi kasuwa ba, gidajen rediyo suka fi sa "Girls' School" da ke ɗaya fuskar faifan. McCartney kuma bai cika rera ta a dandali ba, sai inda akwai mabusan da za su hau tare da shi, kamar a Gilasgo a 1979 tare da 'yan Campbeltown ɗin, da kuma wasu biranen Kanada da Ostareliya tare da ƙungiyoyin can. Mai waƙar da kansa ya san ba ta tsayuwa sai da su.

Wanda bai taɓa jin ta ba, ya neme ta, ya yi haƙuri da minti ɗaya da rabi na farko, sannan ya kasa kunne ga shigowar mabusa. Waƙa ce matsakaiciya a kalmomi, babba a busa, kuma ta cancanci a saurare ta da sunan Campbeltown a gaba.